Na'urorin da ke tara ilimi ta hanyar karanta yanar gizo: yadda suke aiki, da abin da suka sani kan Takieta

Duk wanda ya taɓa rubuta tambaya a Google ya ga amsa ta fito cikin ɗan akwati kafin jerin shafuka, ko ya tambayi ChatGPT a salula ya ba shi bayani, to ya yi hulɗa da na'urar da ta samu iliminta ta hanyar karanta yanar gizo. Da Faransanci ana sanya irin waɗannan manhajoji cikin abin da ake kira intelligence artificielle, a taƙaice IA, a Hausa kuma an fi cewa ƙirƙirarriyar basira. Ɗaliban lise da na jami'a, malaman makaranta, ma'aikatan komin da ƴan kasuwa duk sun fara dogaro da su. Wannan bayani ya duba asalinsu, yadda suke tara ilimi, da dalilin da ya sa amsarsu kan birnin Paris ta fi amsarsu kan Takieta inganci.

Ma'anar abin

Manhajar kwamfuta ta yau da kullum tana bin dokokin da mutum ya rubuta mata ɗaya bayan ɗaya. Na'ura mai koyo kuwa misalai ake zuba mata masu yawan gaske, ita kuma ta gano abin da ke maimaituwa a cikinsu, ta yi aiki da shi kan abin da ba ta taɓa gani ba. Idan misalan shafukan intanet ne, sai a ce tana karanta yanar gizo.

Iri biyu ne manya. Na farko yana tsamo bayanai daga rubutu ya jera su cikin rumbu, kowane bayani da sassa uku: abu, dangantaka, da wani abu. Misali: Takieta, tana cikin, jahar Damagaram. Na biyu shi ne manyan manhajojin harshe irin su ChatGPT da Gemini, waɗanda ba sa jera bayanai a rumbu, sai dai su koyi yadda kalmomi ke bin juna.

Daga rubutun hannu zuwa karatun na'ura

Da farko masana sun ɗauka da hannu za a shigar wa kwamfuta ilimin duniya. A 1984 Douglas Lenat ya soma aikin Cyc a Amurka, inda ma'aikata suka shafe shekaru gommai suna rubuta abubuwan da kowane yaro ya sani, kamar cewa ruwa gangare yake bi. Aikin ya ci kuɗi da lokaci, ilimin kuma bai ƙare ba.

A 1992 Marti Hearst ta nuna wata hanya mai sauƙi: akwai sigogin jimla da ke tona dangantaka da kansu. Idan rubutu ya ce "hatsi irin su gero da dawa", na'ura na iya fahimtar cewa gero hatsi ne ba tare da ta taɓa ganin zangarniya ba. A 1998 Sergey Brin, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa Google, ya gwada wannan dabara kan shafuka miliyan 24. Ya ba manhajarsa sunayen littattafai biyar da marubutansu, ta samo masa sama da littafi 15,000.

Daga nan ayyuka suka yawaita. A 2007 jami'ar Washington ta fitar da TextRunner, a shekarar kuma DBpedia da YAGO suka fara tsamo bayanai daga Wikipedia. A watan Mayu na 2012 Google ya ƙaddamar da rumbunsa mai suna Knowledge Graph, da abubuwa miliyan 500 da bayanai miliyar 3.5 (miliyar ɗaya miliyan dubu ke nan). Daga wannan rumbu wasu amsoshin ɗan akwatin nan suke fitowa. A Oktoban shekarar aka buɗe Wikidata, rumbun da kowa ke iya gyarawa.

NELL, ɗalibin da ba ya tashi daga karatu

Aikin da ya fi nuna yadda abin yake shi ne NELL, wanda Farfesa Tom Mitchell da abokan aikinsa suka kunna a jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a Amurka, cikin watan Janairu na 2010. Sunan taƙaitawa ne na kalmomin Ingilishi masu nufin koyon harshe marar ƙarewa. An ba shi jerin rukunai kamar gari, ɗan wasa, kamfani da abinci, kowane rukuni da misalai goma zuwa sha biyar, sannan aka sake shi cikin shafukan Ingilishi kimanin miliyan 500, dare da rana.

Ga yadda ya yi aiki, idan aka kwatanta da Hausa. A ce an ba shi rukunin "gari" da misalai uku: Mirya, Magarya, Matamaye. Zai nemo jimlolin da sunayen suka fito, ya lura cewa sau da yawa "magajin garin" ko "kasuwar" na zuwa kafin su. Sai ya koma ya nemi wasu kalmomin da ke bin waɗannan sigogi, ya samu Tirmini da Kance, ya ƙara su cikin rukunin. Sababbin sunayen su kuma su koya masa sababbin sigogi, haka abin ke ta juyawa.

Hatsarin a fili yake. "Kasuwar dabbobi" ma ta bi sigar, don haka yana iya rubuta cewa Dabbobi gari ne, kuma wannan kuskure ya haifi wasu. Maganin da masu NELL suka samo shi ne haɗa rukunai su riƙa tsare juna: abin da aka tabbatar dabba ne ba zai zama gari ba. Kowane bayani kuma ana ba shi maki gwargwadon yawan hujjojin da suka goyi bayansa. Bayan kwana 67 NELL ya tara bayanai 242,000, kuma binciken masu shi ya kiyasta kashi 74 cikin 100 daidai ne. A 2018 sun bayyana cewa ya kai bayanai miliyan 120, masu ƙarfi da masu rauni.

Kuskurensa da ya fi shahara ya shafi kalmar cookies, wadda a Ingilishi take nufin biskit, take kuma nufin ƙananan fayilolin da shafukan intanet ke ajiyewa a kwamfuta. NELL ya sanya na intanet cikin kayan gashi na tanda, daga nan ya fara jan wasu kalmomin kwamfuta zuwa rukunin abinci, sai da mutane suka sa hannu suka gyara.

Manyan manhajojin harshe

A 2017 masu bincike na Google suka fito da wani tsari mai suna Transformer, wanda a kansa aka gina ChatGPT da ire-irensa. Horon da ake musu wasa ne na cike gurbi: a ɓoye kalmar da ke gaba, manhaja ta yi hasashe, a nuna mata ta gaskiya, ta gyara lambobin da ke cikinta. Manomi ya san abin da ke biyo bayan "gero, dawa da". Manhajar ma bayan ta ga jimlar sau dubbai za ta ce wake. Ana maimaita wannan sau miliyoyin miliyoyi. GPT-3 na kamfanin OpenAI, wanda ya fito a 2020, yana da irin waɗannan lambobi miliyar 175. An buɗe wa jama'a ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022.

Bambancin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne wannan: a rumbu irin na NELL ana iya duba bayani a ga makinsa da shafukan da aka samo shi. A manhajar harshe ilimin ya narke cikin lambobi. Tana samar da jimlar da ta fi kama da gaskiya, kuma inda karatunta ya yi ƙaranci tana cike gurbin da abin da ya yi kama, da irin muryar tabbacin da take ba da amsar da ta sani. Wasu manhajojin yanzu suna bincika intanet a lokacin da aka yi tambaya su nuna shafukan da suka duba. Hakan ya rage matsalar, amma amsar ba za ta fi shafukan inganci ba.

Me suke karantawa?

Babbar rijiyar da ake ɗiba ita ce Common Crawl, wata ƙungiyar Amurka da aka kafa a 2007, wadda manhajarta ke zagaya intanet tana kwafar shafuka miliyoyin dubbai tana ajiyewa kyauta. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan da Ingilishi suke. Hausa, da miliyoyin masu magana da ita a Nijar, Najeriya, Gana, Kamaru, Cadi da Sudan, ba ta kai ɗaya cikin dubu ba. A rubutun da aka horar da GPT-3, kimanin kashi 93 cikin 100 na kalmomin Ingilishi ne, Faransanci kansa bai kai kashi 2 ba.

Rijiya ta biyu Wikipedia ce. Ta Ingilishi ta wuce maƙala miliyan 7 a 2025, ta Faransanci ta wuce miliyan biyu da rabi, ta Hausa kuwa dubun-dubatai ake lissafawa.

Ɗan Hausar da ke intanet, kaso mai yawa daga kafofin labaran waje ya fito: BBC da ta fara Hausa a 1957, Deutsche Welle, Muryar Amurka, da RFI da ta buɗe sashenta a 2007, sai jaridun Najeriya irin su Aminiya. Shi ya sa Hausar na'ura ta fi karkata ga ta Kano da ta labaran siyasa. Kalmomin da Bahaushen Nijar ya aro daga Faransanci, irin su lakkol da komin, ko lissafin kuɗinsa na dala da jikka, ba su cika bayyana a wannan rubutu ba.

Takieta a idon na'ura

Takieta na kan hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, kimanin kilomita 50 yamma da Damagaram, a mararrabar da ke gangarawa kudu zuwa Matamaye da iyakar Najeriya. A 2011 aka cire ta daga Mirya ta zama gunduma mai komin uku: Dakusa, Garagumsa da Tirmini. Ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum 240,000 a gundumar. Irin wannan bayani na'ura na iya samunsa, domin yana cikin takardun hukumar ƙididdiga ta ƙasa INS da shafukan Wikipedia, musamman na Jamusanci, waɗanda suka yi bayanin komin-komin Nijar dalla-dalla.

Haka ma dajin gwamnati na Takieta mai faɗin hekta 6,720. Ƙungiyar SOS Sahel ta yi aiki a kansa daga 1995 zuwa 2000, aikin da ya kai ga kafa ƙungiyar Kou Tayani don manoma da makiyaya su kula da dajin tare. An san labarin a duniya saboda cibiyar IIED ta Landan ta wallafa rahoto a kansa a shekarar 2000. Na'ura ta san dajin ne ta idon wannan rahoto da makamantansa.

Tarihi ma haka yake. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka gwabza da rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini, suka shiga birnin Zinder, wanda daga baya ya zama hedikwatar mulkin mallaka har 1926. Rubutattun labaran farko na wannan yaƙi hafsoshin da suka ci nasara ne suka yi su. André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya haɗa da labaran baka a littafinsa na 1971 kan daular Damagaram, shi ma da Faransanci. Abin da tsofaffi da maroƙa ke riƙe da shi a ka bai shiga lissafin na'ura ba muddin ba a rubuta shi an ɗora ba.

Mafi yawan ilimin da mutanen Takieta ke rayuwa da shi a wajen intanet yake: inda burtali ya bi, iyakar gonaki da maigari ya sani, irin geron da ke jure ƙarancin ruwa a jigawa, farashin tiya a ranar kasuwa. Ana faɗinsa a majalisa, a rediyon al'umma, ko a saƙon murya na WhatsApp, wanda a kulle yake, manhajojin zagaye ba sa isa gare shi. Dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke cibiyar IRSH a Yamai, da faya-fayan tarihin baka na CELHTO, su ma sai an mayar da su rubutun da kwamfuta ke ganewa kafin su yi amfani ta wannan fanni.

Suna ɗaya, rubutu biyar

Kafin na'ura ta tara bayani kan wuri, sai ta gane cewa sunaye daban-daban abu ɗaya suke nufi. Ana rubuta Takieta, Takiéta, Takeita, Takéita ko Takeyta. Mirya na fitowa a Mirriah, Mirria da Myrriah. Zinder da Damagaram wani lokaci birni ne, wani lokaci jaha, wani lokaci tsohuwar daula. Idan na'ura ta kasa haɗa su, ɗan bayanin da ke akwai sai ya rabu gida-gida.

Rubutun Hausar kansa ya kasu. Nijar ta tsayar da ƙa'idarta a 1999 da harafin ƴ, Najeriya na rubuta 'y. Wanda ya yi lakkol da Faransanci kaɗai yakan rubuta "tch" a wurin c, da "ou" a wurin u. Rahoton nan na IIED ma a sunansa an rubuta "Tchuda" maimakon cuɗa. A salula kuma mutane da yawa na barin ƙugiyar haruffa, sai ƙasa ta koma kasa, baƙi ya koma baki. Ga kuma kalmomin da sauti kaɗai ke rarrabewa: gari na zama da garin tuwo, kuka ta miya da kukan yaro, fari na launi da farin rashin ruwa. Kowace ɗaya cikinsu tarko ce irin wadda ta kama NELL.

Inda kuskure ke shigowa

Na'ura yawan maimaici take ƙirgawa. Idan shafi ɗaya ya yi kuskuren shekara, shafuka ashirin suka kwafa, a wurinta shaidu ashirin da ɗaya ne. Kuma ba duk rubutun intanet mutum ya yi shi ba. Wata manhaja mai suna Lsjbot, ta Sverker Johansson ɗan ƙasar Suwidin, ta samar da miliyoyin maƙaloli a Wikipedia ta harshen Cebuano na ƙasar Filifin, har da na ƙauyukan Nijar, daga rumbun sunayen wurare na GeoNames. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da bai iya harshen Scots ba shi ya rubuta dubban maƙalolin Wikipedia ta wannan harshe.

Wani bincike da aka fitar a 2021, wanda masana na Afirka da dama suka shiga, ya duba tarin rubutu 205 da aka kwaso daga intanet da sunan harsuna daban-daban. Aƙalla 15 ba su da jimla mai amfani ko ɗaya, da yawa kuma abin kirki bai kai rabi ba. Wannan ya shafi Hausa kai tsaye: idan aka cika intanet da fassarar na'ura da ba a gyara ba, na'urar gobe daga ita za ta koya. Mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa bincike a Yulin 2024 da ya nuna cewa manhajar da ake ta horarwa da rubutun manhaja tana lalacewa, kuma abubuwan da ba su da yawa a rubutu su ne ke fara ɓacewa.

Ko a inda rubutu ya wadata ana samun matsala. A Yunin 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dalar Amurka 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙira, waɗanda ba a taɓa yanke su ba.

Masu aiki kan Hausa

Google Translate ya saka Hausa a Disambar 2013. A 2022 kamfanin Meta ya fitar da manhajar fassara ta NLLB-200 mai harsuna 200, ciki har da Hausa, Barbarci, Fulatanci da Tamashek. Ƙungiyar Masakhane, da masu bincike na Afirka suka kafa a 2019, ta fitar da MasakhaNER a 2021, tarin jimlolin da mutane suka yi wa alama da hannu don koya wa na'ura gane sunan mutum, wuri da ƙungiya a harsuna goma, har da Hausa. A shekarar kuma jami'ar Waterloo ta Kanada ta nuna da AfriBERTa cewa rubutun da bai kai gigabait ɗaya ba na iya horar da manhaja mai amfani a harsunan Afirka 11. Masana daga jami'ar Bayero ta Kano na cikin jagororin NaijaSenti na 2022 da ƙungiyar HausaNLP. Shirin Common Voice na Mozilla kuma yana karɓar muryoyin masu sa kai da Hausa. Mafi yawan wannan aiki daga ɓangaren Najeriya yake, don haka Damagaranci da sauran karin harshen Nijar na da ƙaramin kaso a ciki.

Rubutun na wa ne?

Kamfanoni sun daɗe suna kwasar shafuka ba tare da biya ba. Jaridar New York Times ta kai OpenAI da Microsoft kotu a Disambar 2023. Le Monde ta zaɓi ƙulla yarjejeniya da OpenAI a Maris 2024, kamfanin dillancin labarai na AFP kuma ya yi haka da Mistral na Faransa a Janairun 2025. Mai shafi na iya rubuta umarni a wani ƙaramin fayil mai suna robots.txt don hana manhajojin zagaye shiga. Ga jaridar Hausa zaɓin na da wuya: idan ta rufe ƙofa ta kare guminta, amma harshen ya ƙara ƙaranci a karatun na'ura.

Abin da mai amfani zai kiyaye

Kan abin da aka yi rubutu mai yawa a kai, kamar nahawun Faransanci, lissafi ko bayanin kimiyya na aji, waɗannan manhajoji na taimakawa sosai. Kan sunan hakimi, shekarar da aka kafa ƙauye, iyakar gona, hukuncin addini ko adadin magani, a nemi su nuna shafin da suka dogara da shi, a buɗe shi a karanta, sannan a tabbatar wurin wanda ya sani: fada, ofishin komin, malami ko likita. Yin tambaya ɗaya da Hausa da kuma Faransanci a kwatanta amsoshin na tona kurakurai da yawa. Kada a shigar da lambar katin shaida, takardar asibiti ko sirrin wani. Dokar kare bayanan mutane ta Nijar, wadda aka fara kafawa a 2017 tare da hukumar HAPDP, ta shafi mai tura bayanan wani ba da izininsa ba.

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko na'urori za su iya yi wa ɗan Takieta aiki da wannan harshe ya danganta da yawan Hausa mai kyau da ke shafukan da kowa ke iya buɗewa. Malamin da ya rubuta tarihin garinsu, rediyon da ta ɗora rubutaccen labaranta, ko komin da ya wallafa sanarwarsa da Hausa, duk suna ƙara wa wannan rumbu. Abin da ake bukata daga mai rubutun shi ne ya sa kwanan wata, ya faɗi wanda ya ba shi labarin, ya tsaya kan rubutu ɗaya na sunan gari, ya kuma sa ƙugiyar haruffa. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, ana kunna ta a cikin saitin harsuna na salula.